Yadda Ake Gano Siginar Haɗarin Magani Daga Rahotannin Illa, da Abin da Ake Yi Bayan An Gano

Babu maganin da ke shiga kasuwa an gama sanin halinsa. Kafin a ba shi lasisi akan gwada shi a kan mutane ɗaruruwa zuwa 'yan dubbai, galibi na watanni, kuma ba kasafai ake saka masu juna biyu, ƙananan yara, ko tsofaffin da ke haɗiyar magunguna biyar ko shida a rana ba. Akwai wani ɗan lissafi da masu wannan aiki ke kira ƙa'idar uku: illar da ke samun mutum 1 cikin 10,000, sai an gwada maganin a kan kimanin mutum 30,000 kafin a samu tabbacin kashi 95 cikin 100 na ganin ta ko da sau ɗaya. Gwaji kaɗan ne ke kai wannan adadi. Saboda haka sauran labarin magani sai bayan ya shiga hannun jama'a yake fitowa.

Duniya ta koyi wannan da tsada. A 1957 aka fara sayar da thalidomide a Jamus ta Yamma, mata masu laulayin ciki suka yi ta sha. Sai a ƙarshen 1961 likita Widukind Lenz a Jamus da William McBride a Ostareliya suka danganta shi da haihuwar jarirai masu dungulmin hannuwa da ƙafafu, lokacin da abin ya riga ya shafi dubban yara. Daga nan Birtaniya ta kafa tsarin rahoto na katin rawaya a 1964, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara shirin sa ido kan magunguna a 1968 da ƙasashe 10, kuma tun 1978 cibiyar da ke Upsala a ƙasar Suwidin ke kula da rumbun rahotannin shirin. Rumbun, mai suna VigiBase, ya haura rahoto miliyan 30.

Sigina ita ce bayanin da ke nuna yiwuwar wata alaƙa tsakanin magani da illa, wadda ba a san da ita ba, ko kuma an san ta amma ta ɓullo da sabuwar fuska: ta fi tsanani, ta fi yawa, ko ta kama wani rukuni na mutane daban. Hausawa kan ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, amma a wannan fage zato shi ne kayan aiki. Laifin shi ne a bar zato ya wuce ba a bincika ba, ko kuma a ɗauke shi hukunci tun kafin a bincika.

Mataki na farko: ka tabbatar rahoton ya cika rahoto

Abu huɗu ne ke sa a ƙirga rahoto: majiyyacin da za a iya bambance shi da wani, ko da ta shekaru da jinsi, mai kawo rahoton da za a iya komawa gare shi, maganin da ake zargi, da abin da ya faru. In babu ɗaya daga ciki, jita-jita ce.

Amma cika waɗannan huɗun bai sa rahoto ya zama mai amfani ba. Abin da ke ba shi daraja shi ne ranaku: yaushe aka fara shan maganin, yaushe matsalar ta fara, yaushe aka daina, me ya biyo baya. Sai adadin da ake sha, cutar da ta sa aka rubuta shi, sauran magungunan da mutum ke sha har da na gargajiya da waɗanda ya saya da kansa, cututtukan da yake da su tun da, sakamakon gwajin jini, da lambar rukunin da aka sarrafa maganin, wadda ke jikin kwali. Rahoton da ya ce "mace, shekara 40, ƙuraje" da wanda ya ce "ƙuraje sun feso a kwana na 12 da fara magani, da zazzaɓi, leɓe da idanu sun yi gyambo, an kwantar da ita, an tsayar da maganin" ba ɗaya ba ne. Na biyun kaɗai zai iya tayar da ofis gaba ɗaya.

Don haka ka koma wa mai rahoto da wuri, tun fayil ɗin majiyyaci na kusa da shi kuma bai manta ba. Kada ka tura masa tambayoyi ashirin. Likita ko nas da ke da layin marasa lafiya zai amsa tambaya uku, ba zai amsa ashirin ba.

Tun a nan ake ware masu tsanani: wanda ya kai ga mutuwa, ko ya yi barazana ga rai, ko ya sa aka kwantar da mutum a asibiti ko aka tsawaita kwanciyarsa, ko ya bar nakasa, ko aka haifi jariri da tawaya, ko wani lamari da likita ya ga babba ne. A ƙasashe da dama doka ta ba kamfanin magani kwana 15 ya miƙa irin wannan rahoto ga hukuma, musamman in illar ba ta cikin takardar maganin.

Mataki na biyu: tsaftace rumbun

Wannan aiki ne mai gundura, kuma shi ake yawan tsallakewa. Majiyyaci ɗaya zai iya shigowa sau uku: likitansa ya rubuto, mai harhaɗa magani ya rubuto, kamfani ya tsinto labarin a mujallar likitoci ya sake turowa. In ba a haɗe su ba, mutum ɗaya ya zama uku, kuma uku ita ce daidai adadin da ke kunna wasu ma'aunai. Ka duba shekaru, jinsi, ranar faruwa da jerin magunguna. In sun yi daidai, ka yi zargin maimaici ne.

Sai sanya wa kowace illa sunanta na bai-ɗaya. Ƙamus ɗin da aka fi amfani da shi shi ne MedDRA, mai hawa biyar daga kalmar da ta fi kusa da bakin mai rahoto zuwa sashen jiki gaba ɗaya. Tarkon da ke nan shi ne warwatsuwa. Wani ya rubuta idanu sun yi rawaya, wani ya ce hanta ta kumbura, wani ya kawo lambobin gwajin hanta da suka hau. Matsala ɗaya ce, amma ta rabu gida uku, kowane gida bai kai a kula da shi ba. Shi ya sa ake bincike da tarin kalmomi masu dangantaka, waɗanda MedDRA ta tanada da sunan SMQ, maimakon kalma ɗaya. Haka sunayen magani: sinadari ɗaya zai iya zuwa da sunayen kasuwa goma, dole a mayar da su ga sunansa na asali. Kuma ko me ka sanya, kada ka goge kalaman mai rahoto na farko, domin za ka sake buƙatar su.

Mataki na uku: ka karanta da idonka

Kafin a kunna kowace manhaja, wani mai ilimin likitanci ko na magunguna ya karanta duk rahoto mai tsanani da ya shigo. Akwai illolin da ba a jiran su taru, domin da wuya su faru haka kawai kuma sau da yawa magani ne sanadi: saluɓewar fata irin ta Stevens-Johnson, gazawar hanta farat ɗaya, ƙarewar fararen ƙwayoyin jini, mutuwar ɓargo, rikicewar bugun zuciya mai kisa, da mummunan borin jini mai toshe numfashi. Hukumar Magunguna ta Turai tana da jerin irin waɗannan, kuma ya kamata kowace cibiya ta liƙa nata inda kowa zai gani. Rahoto ɗaya mai kyau a kansu ya isa a buɗe fayil.

In rumbunka ƙarami ne, rahotanni 'yan ɗaruruwa ko dubu kaɗan, wannan matakin shi ne kusan dukan aikinka. Lissafin da ke tafe bai da ƙarfi a kan bayanai kaɗan.

Mataki na huɗu: lissafin rinjaye

Tambayar da lissafin ke amsawa guda ce: shin wannan illar ta fi yawa a rahotannin wannan magani fiye da yadda take a rahotannin sauran magunguna?

A ɗauka, don misali kawai, maganinka yana da rahoto 400 a rumbu, 12 daga ciki na lalacewar hanta ne. Wato kashi 3 cikin 100. Sauran magunguna duka suna da rahoto 60,000, kuma 300 ne na hanta, wato rabin kashi 1 cikin 100. In ka raba 3 da 0.5 za ka samu 6. Wannan shi ne ma'aunin da ake kira PRR, kuma yana cewa lalacewar hanta ta ninka sau 6 a rahotannin maganinka. A 2001 Stephen Evans da abokan aikinsa a Birtaniya suka ba da sharaɗin da har yau ake yawan bi: PRR ya kai 2, rahotanni su kai 3, ma'aunin kai-sikwaya, wanda ke auna ko bambancin ya wuce dace kawai, ya kai 4. Ɗan'uwansa ROR da adadi huɗun nan ake fitar da shi, kuma a misalinmu zai ba da kusan 6.2. Cibiyar Upsala tana amfani da ma'aunin IC, hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, kuma da EBGM. Waɗannan biyun suna rage zumuɗin lamba idan rahotanni kaɗan ne, don kada rahoto biyu su fito da ninki 50. A kowane ɗayansu, ƙasan iyakar tabbaci ake dubawa, wato mafi ƙanƙantar lambar da lissafin ya nuna ma'aunin zai iya kasancewa, ba lambar tsakiya ba.

Yanzu ga inda mutane ke zamewa. Wannan 6 ɗin ba ta ce mai shan maganin ya fi wani haɗarin ciwon hanta sau 6 ba. Ba ka san mutum nawa suka sha ba, rahotanni kawai ka ƙirga. Kuma rahotannin ɗan tsagi ne na abin da ke faruwa: wani nazari da Hazell da Shakir suka wallafa a 2006, wanda ya tattara bincike 37, ya samu cewa a tsaka-tsaki kashi 94 cikin 100 na illoli ba a kai rahotonsu. Duk wanda ya ce maka "kashi 3 cikin 100 na masu shan maganin nan suna kamuwa da ciwon hanta" daga irin wannan rumbu, ka tsayar da shi.

Kafin ka yarda da lamba, ka yi mata tambayoyi. Shin cutar da ake yi wa magani ce da kanta ke kawo alamar? Maganin hana amai zai fito da rahotannin amai da yawa, maganin damuwa zai fito da na yunƙurin kashe kai, kuma rarrabe cuta da magani a nan aiki ne babba. Shin ana yawan haɗa maganin da wani wanda aka san yana da wannan illar, har laifin ya shafe shi? Shin an yi ta maganarsa a kafafen labarai ko lauyoyi sun shigar da ƙara, rahotanni suka yi ambaliya? Shin sabo ne? Tun 1984 aka lura cewa rahotanni kan yi yawa a shekaru biyun farko na magani sannan su ja baya, ko da yake ba kowane magani ke bin wannan ba. Sannan akwai akasin haka, wato ɓoyewa: in wani magani daban ya cika rumbun da rahotannin wata illa, sai ya ɗaga ma'aunin kwatance, siginar maganinka ta nutse. Cire wancan maganin ka sake lissafi. Haka kuma ka raba ta shekaru da jinsi, kuma kada ka gwama allurar rigakafi da sauran magunguna, domin masu karɓarsu ba iri ɗaya ba ne.

Shirun lissafi ma ba wanke magani ba ne. Rahotannin sa-kai sun ƙware wajen kama baƙon abu, amma suna da rauni a kan cutar da ta zama ruwan dare. Dattijo mai ciwon gaɓɓai ya samu bugun zuciya, wa zai zargi maganin ciwonsa? Vioxx, maganin ciwon gaɓɓai da ke ƙara haɗarin bugun zuciya, ya shekara biyar a kasuwa, kuma sakamakon gwaji mai rukunin kwatance ne ya sa kamfanin Merck ya janye shi a ƙarshen Satumban 2004.

Mataki na biyar: tantancewa, rahoto bayan rahoto

Da farko ka buɗe takardar bayanin maganin. In illar tana ciki, da irin wannan tsanani da irin wannan yawa, ba sabuwar sigina ba ce. Ka rubuta haka ka wuce. In ba ta ciki, ko abin da kake gani ya zarce abin da aka rubuta, sai ka jera rahotannin a tebur guda, kowane majiyyaci da layinsa.

Abin da za ka fara nema shi ne tazarar lokaci. Borin jini mai tsanani cikin mintoci ko 'yan sa'o'i yake zuwa. Saluɓewar fata galibi cikin makonnin farko. Cutar daji tana ɗaukar shekaru, don haka wadda aka gano mako biyu da fara magani ta riga shi zuwa. In tazarar ta taru wuri ɗaya a yawancin rahotanni, wannan hujja ce mai nauyi. In ta warwatse daga kwana 1 zuwa shekara 3, jikinka ya yi sanyi.

Sai abin da ya faru da aka daina. Ya warke? Da aka sake ba shi, ya dawo? Dawowar illa bayan an sake shan magani ita ce hujja mafi ƙarfi da rahoto ɗaya zai iya ɗauka, amma tsintar ta ake yi in ta faru da kanta. Ba a sake ba mutum maganin da ya kusa kashe shi don a cika tebur.

Sai sauran bayanai: shan giya, ciwon hanta na ƙwayar cuta, wani magani, ita kanta cutar. Sai ko illar tana ƙaruwa da ƙaruwar adadin da ake sha, ko yadda maganin ke aiki a jiki zai iya bayyana ta, ko sauran magungunan gidansa suna da irinta. Labarin Baycol, maganin rage kitsen jini, ya nuna amfanin wannan tebur. Lokacin da kamfanin Bayer ya janye shi a Agustan 2001, FDA tana da rahoton mutuwar mutum 31 a Amurka sakamakon narkewar tsoka, kuma 12 daga cikinsu suna haɗa shi da gemfibrozil, wani maganin rage kitsen jini. Layin "sauran magunguna" ne ya fito da wannan.

Akwai ma'aunai biyu da aka saba da su wajen auna kowane rahoto. Na Hukumar Lafiya ta Duniya da Upsala yana da aji shida, daga "tabbas" zuwa "ba ya aunuwa". Na Naranjo, na 1981, tambayoyi 10 ne masu maki: 9 zuwa sama tabbas, 5 zuwa 8 akwai rinjayen zato, 1 zuwa 4 mai yiwuwa. A ganina amfaninsu shi ne su tilasta wa kowa yin tambayoyi iri ɗaya. Yawancin rahotanni a "mai yiwuwa" suke ƙarewa, kuma masana biyu kan ba rahoto ɗaya maki daban. Hukuncin yana fitowa ne daga kallon jerin gaba ɗaya, da irin mizanan da Austin Bradford Hill ya shimfiɗa a 1965: ƙarfin alaƙa, maimaituwarta a wurare daban-daban, gabatar sanadi kafin sakamako, da sauransu.

Mataki na shida: wanne za a fara?

Siginoni sun fi ma'aikata yawa a ko'ina. Ka sa a gaba wadda ke kisa ko nakasawa, wadda ta shafi yara ko masu ciki, wadda maganinta miliyoyi ke sha, wadda ake ba masu lafiya kamar rigakafi, da wadda za a iya kauce mata in an sani. A Tarayyar Turai, matsalar da ke buƙatar matakin gaggawa kwana 3 na aiki aka ba kamfani ya sanar da hukuma.

Ka sa ido musamman a kan rahotannin da suka taru a wuri ɗaya, lokaci ɗaya, ko lambar rukuni ɗaya. Wannan ba halin sinadarin ba ne, alamar gurɓata ce ko jabu ko kuskuren ma'aikata. A 2022 likitoci a Gambiya suka ga ƙananan yara suna ta zuwa da gazawar ƙoda. A ranar 5 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi kan magungunan tari da mura na ruwa guda huɗu da aka samu gubar diethylene glycol da ethylene glycol a ciki. Yara kusan 70 suka rasu. A irin wannan ba a jiran lissafi: a killace kayan, a kai samfur ɗakin gwaji.

Mataki na bakwai: cikakken nazari

Siginar da ta tsallake tantancewa sai a nemo mata duk abin da ke akwai: bayanan gwajin farko, binciken dabbobi, mujallun likitoci, rumbunan wasu ƙasashe, da adadin maganin da aka sayar don a ƙiyasta masu sha. In akwai wannan ƙiyasi, ana kwatanta abin da aka gani da abin da ake sa ran gani ko da babu maganin.

A nan fayyace ainihin illar shi ne komai. A Maris na 2021, da rahotannin daskarewar jini suka fara fitowa bayan allurar korona ta AstraZeneca, lissafin daskarewar jini gaba ɗaya bai wuce abin da aka saba gani a jama'a ba. Da aka taƙaita tambayar zuwa daskarewa a wuraren da ba a saba ba, kamar jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na ciki, tare da faɗuwar ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, sai hoton ya canza. Kwamitin Hukumar Magunguna ta Turai ya duba mutum 62 masu na ƙwaƙwalwa da 24 masu na ciki, cikin kimanin mutum miliyan 25 da aka yi wa allurar, kuma a ranar 7 ga Afrilu ya ce a rubuta ta a matsayin illa mai wuyar faruwa ƙwarai. Wani lokaci kuma sai an yi sabon bincike a cikin jama'a, kamar yadda aka yi a 2010 bayan Suwidin da Finlan sun ga ciwon barcin farat ɗaya a yaran da aka yi wa allurar murar aladu ta Pandemrix.

Nazari yana ƙarewa da ɗaya cikin uku: an tabbatar, an kore, ko hujja ba ta isa ba. Na ukun halal ne, muddin an sa ranar sake dubawa da abin da ake jira.

Mataki na takwas: mataki da sanarwa

Janye magani shi ne makamin ƙarshe, kuma ba shi aka fi amfani da shi ba. Akan ƙara illar a takardar magani, ko a sa gargaɗi mai kauri kamar yadda FDA ta yi a 2008 kan tsinkewar agara ga masu shan magungunan gidan ciprofloxacin. Akan rage adadin sha, ko a hana wani rukuni, ko a sa sharaɗin gwaji kamar gwajin ƙwayar halitta ta HLA-B*57:01 kafin a ba mai cutar ƙanjamau abacavir. A 2018 Turai ta ɗaure ba mata masu shekarun haihuwa valproate, maganin farfaɗiya mai iya cutar da ɗan tayi, da tsarin kauce wa ɗaukar ciki, ba ta janye shi ba, domin akwai masu farfaɗiyar da shi kaɗai ke riƙe su. Kullum tambayar ita ce: in an cire wannan, me majiyyaci zai koma sha, kuma wancan ɗin ya fi shi aminci?

Sanarwa kanta tana iya yin ɓarna. A Oktoban 1995 gargaɗin da aka fitar a Birtaniya kan wasu ƙwayoyin tazarar haihuwa ya sa mata da yawa suka watsar da su nan take, cikin da ba a shirya ba ya ƙaru. Ka faɗi haɗarin da adadi na zahiri, mutum kaza cikin 10,000, maimakon "ya ninka sau biyu" kawai. Ka faɗi alamun da za a lura da su, da abin da mutum zai yi, da ko ya ci gaba da sha har ya ga likita. Ma'aikatan lafiya su samu saƙon kafin majiyyata su zo musu da tambaya.

Mataki na tara: rajista da bibiya

Kowace sigina ta samu layi a rajista: ranar ganowa, inda ta fito, wanda ya duba, hujjar da aka gani, hukunci da dalilinsa, da ranar komawa. Waɗanda aka kore sun fi buƙatar wannan, domin bayan shekara biyu sabon ma'aikaci zai sake cin karo da lambar, kuma masu binciken hukuma za su tambayi dalilin rufewa. Siginar da aka rufe ana sake buɗe ta in sabbin rahotanni sun zo da abin da babu a da.

Bayan an ɗauki mataki, a auna ko ya yi aiki, amma ba da yawan rahotanni ba, domin sanarwa kan sa su ƙaru. A duba takardun rubuta magani: an daina haɗa magungunan biyu? Ana yin gwajin kafin a bayar? In ba a canza ba bayan watanni, wasiƙar ba ta isa ba, sai a ƙara ɗaure sharaɗin. A kuma rubuta wa likita, nas ko majiyyacin da ya fara kawo rahoton layi biyu, a gaya masa abin da aka samu da matakin da aka ɗauka.